Motar kwana daga Kusiri zuwa Uniyanga cikin hunturu, za ta kai kuwa?

Ɗan Kusiri: Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen manyanmu da suka san arewacin Cadi. Akwai Hiace ɗina da na daina haya da ita. Na cire kujerun baya, kafinta ya haɗa mini gadon katako mai durowoyi a ƙasa, na sa katifa da tankin ruwa da tukunyar gas da ɗan murhu, a kan rufi kuma na ɗaura sola saboda fitila da cajin waya. Niyyata idan an ba yara hutun ƙarshen Disamba in kwashe iyali mu haye gadar Ngeli daga Kamaru mu shiga Njamena, mu bi Masaget, Masakori, Musoro har Faya, daga can mu zarce tafkunan Uniyanga, mu juyo ta Fada da Abeshe. Mu shida ne, ni da uwargida da yara uku da ƙanena. Duk inda dare ya riske mu nan ne masaukinmu. Na zaɓi lokacin sanyi ne don zafin rana ya faɗi. Wanda ya san hanyar ya taimaka mini da abin da ya kamata in tanada.

Auta: Wa'alaikumus salam. Yaya, in akwai sauran wuri kusa da solar nan a kan rufi, a sa sunana.

Tsohon Direba: Wa'alaikumus salam ɗana. Kafin in ce komai, ƙafa nawa ke ja a motar? Biyun baya, ko duka huɗun?

Ɗan Kusiri: Biyun baya ne Baba. Amma inji lafiya lau, gazuwal, wato dizal, take sha, ba a daɗe ba da aka sauke shi aka gyara.

Tsohon Direba: Ba a inji matsalar take ba. Daga Njamena zuwa Faya kusan kilomita dubu ne, kuma kwaltar da za ka taka a ciki kaɗan ce, da ka wuce Masakori ka yi sallama da ita. Daga nan kwarin Bahar el Gazal za ka bi, tsohon kogi ne da ya ƙafe, ta Musoro zuwa Salal. Ƙasar wurin ta daku a ƙarƙashin manyan motoci, tayoyinsu sun haƙa ramuka biyu masu zurfi, tsakiya ta yi tozo. Kamyo yana wucewa saboda cikinsa a sama yake. Taka motar cikinta a ƙasa yake, za ta hau tozon nan ta zauna daram, tayoyi suna juyawa a banza. Wannan fa tun ba ka ga rairayi na gaskiya ba. Bayan Kuba Ulanga sai hamadar Jurab, kuma a Jurab babu abin da za ka nuna da yatsa ka ce ga hanya. Sawun motar da ta wuce da safe, kafin la'asar iska ta shafe shi. Akwai tsofaffin durom da tayoyi da aka kafa don alama, wasu rairayi ya binne su, wani wurin kuma tudun rairayi ya taso ya zauna a tsakaninsu, dole ka kewaya, kuma a wajen kewayawar nan ake ɓata.

Abu na biyu ya fi na farko girma. Ba a shiga can da mota ɗaya, ko sabuwa ce dal daga kamfani. Mu da muke da yaran mota da kayan gyara ma ayari muke yi, biyu ko uku, kowa yana hango ƙurar ɗan'uwansa.

Makanikin Digel: Baba ya gama magana, amma bari in ƙara da lissafi, tunda Alhaji ɗan kasuwa ne, ya fi gane lamba. Mutum shida, ko da tsimi, ka sa lita 10 kowane mutum a yini tsakanin sha da girki da alwala. Lita 60 ke nan kullum. In na kwana huɗu kawai ka ɗauka, lita 240, wato kilo 240, don litar ruwa kilo guda ce cur. Gazuwal kuma a rairayi mai laushi mota takan sha ninki ɗaya da rabi na abin da take sha a kwalta, wani lokaci har ninki biyu, ka ga sai ka riƙe jarkoki, ka ce lita 200, wajen kilo 170. Ɗora mutane shida a kai, da gadon katako, da tukunyar gas, safaya biyu, jak, shebur, abinci, barguna. Irin motar nan abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba. Ka cika shi ka haura tun ba ka fita Njamena ba, kuma yawancin nauyin a kan tayoyin baya zai zauna, su ne masu ja, su ne kuma za su fara nutsewa. Kuloci ne zai fara mutuwa. Warinsa za ka fara ji kafin ka ga hayaƙi.

Ɗan Kusiri: Na ji, kuma na gode. Sai dai ina kallon Turawa a YouTube da irin wannan motar, har da waɗanda suka fi tawa girma, tsofaffi ma mata da miji, suna yawo cikin hamada lokacin sanyi. Su da wane aljani suke tafiya?

Malamin Labarin Ƙasa: Da aljanin kwalta, Alhaji. Yawancin waɗanda kake gani Maroko suke zuwa. In sanyi ya shigo Turai sai su sa motocinsu a jirgin ruwa su haye, su gangara bakin teku ta Agadir har Dakhla, wasu su zarce Muritaniya, kuma duk tsawon hanyar nan kwalta ce, ga gidajen mai, ga filayen da aka tanada don irin motocinsu su kwana. Hamadar tana gefen titi, su sauka su yi hoto su koma. Ranar da suke son shiga rairayi sosai, ajiye gidan nasu suke yi su hau kat-kat ta 'yan gari, wato mota mai ja da ƙafa huɗu.

Sannan ka ce ka zaɓi sanyi don sauƙi. Ta wajen zafi ka yi daidai. A Faya, Disamba da Janairu rana ba ta cika kaiwa digiri 30 ba, alhali daga Afrilu zuwa gaba haura 40 take yi. Amma watannin nan su ne na ƙura. Hazon da yake rufe mana Kusiri da Marwa da Kano har jirage su kasa sauka, kaso mai yawa daga inda za ka ratsa yake tashi. Kwarin Bodele, kudu maso yamma da Faya, gindin tsohon babban tafkin Cadi ne na dubban shekaru da suka wuce. Da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa marar nauyi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas kuma tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta fito da ƙarfi ta faɗa kan farar ƙasar nan. Babu wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura, wajen kwana 100 a shekara yana tayarwa, har takan haye tekun Atlantika ta sauka a dajin Amazon. Mu a nan ƙanzo muke samu muna tari, kai kuwa bakin tukunyar za ka je.

Tsohon Direba: Allah ya gafarta Malam, haka yake. Ranar da ta taso ko bonet ɗin motarka ba ka gani. Abin yi ɗaya ne, ka tsaya, ka juya wa iska bayan mota, ka kashe inji, ka toshe kafofi da tsumma, ka zauna. Wani lokaci yini guda, wani lokaci sai ta kwana ta kuma kwana. Shi ya sa ba a ɗaukar ruwan kwana huɗu don tafiyar kwana huɗu.

Mai Hilux: Ni dai da izinin manya, ina ganin ana cika tsoratar da mutane a zauren nan. Duk wanda ya ce zai je wani wuri sai a taso masa da zancen mutuwa. Kullum motoci suna zuwa Faya suna dawowa, 'yan kasuwa na zuwa, masu neman zinariya samari ƙanana suna wucewa har Tibesti. Ƙasarmu ce fa. Bature zai taso daga Jamus ya zo ya ga Uniyanga, mu da muke nan kusa mu mutu ba mu gani ba? Alhaji, niyyarka mai kyau ce, kada a kashe maka gwiwa.

Tsohon Direba: Ɗana, ban ce kada ya je ba. Cewa na yi ba da wannan motar ba, ba kuma shi kaɗai ba. Baturen da kake faɗa da kat-kat biyu ko uku yake zuwa, da jagora ɗan ƙabilar Goran, mutanen yankin, da mai dafa masa abinci. Masu zinariya kuma waɗanda suka dawo kake jin labarinsu. A watan Yunin 2022 an tsinci gawar mutum 20 a hamadar Libiya, ba nisa da iyakar Cadi, a gefen motarsu da ta lalace. Ƙishirwa ce ta kashe su, direban wata babbar mota ne ya ci karo da su.

Hajiya Mai Dabino: Salamu alaikum. Ni dabino nake sarowa daga Faya, a kan kamyo nake zuwa, don haka ba zan sa baki a maganar inji ba. Maganar uwargida da yara zan yi, tunda na ga maza sun manta da su. Ƙanena, sanyin can ba irin na Kusiri ba ne da za ka ja zane ɗaya ka yi barci. Da rana ta faɗi yake saukowa, kafin asuba in ka zuba ruwan buta a hannu sai yatsu su ƙage. A kan duwatsun Enedi ma ya fi haka, yakan kusa daskarar da ruwa. Kowane yaro bargo biyu, da hular sanyi mai rufe kunne, da safa. Man kaɗanya babban gwangwani, a shafa musu a leɓe da dunduniya da bakin hanci safe da dare, in ba haka ba fatar tsagewa take yi har jini. Kowa da rawani ko mayafin da zai rufe hanci da baki, har yaran. Kwalli ma yana taimakon ido.

Sai abin da ba a cika faɗa ba. A fili fetal babu inda mace za ta kewaya. Babu itace, babu gini, sai ka yi tafiya mai nisa ana hango ka. Mu zane muke ɗaurawa a jikin mota da sanda biyu. Ka tanadi wannan tun daga gida, kada ka bar baiwar Allah tana jiran dare ya yi.

Abinci kuma kada ka wahalar da ita da tuwo kullum, ruwan wanke tukunya ma asara ne. Kilishi, garin rogo da ƙuli, taliya, sardin, ganyen shayi da sukari mai yawa. Dabino kada ka saya a nan, can arewa za ka same shi, busasshe irin wanda ake kira Bornow, tun wajen watan Agusta ake girbinsa amma ba ya lalacewa.

Malamar Asibiti: Hajiya, duk na yarda ban da kwalli ga yara. Da yawa daga na kasuwa akwai dalma a cikinsa, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. A sayi ruwan wanke ido a farmasi, ya fi.

Amma abin da ya shigo da ni murhun nan ne da tukunyar gas da Alhaji ya ambata. Don Allah a saurare ni da kyau. In sanyi ya matsa cikin dare, abin da zuciya za ta raya muku shi ne a rufe gilasai ruf, a shigo da kaskon gawayi ko a kunna gas don mota ta ɗumama. Wannan shi ke kashe gida guda a dare ɗaya. Gawayi ko gas in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da muke rayuwa da ita. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya, sai dai ya zarce. Yara ne ke fara faɗuwa. Haka ma in an bar inji yana aiki ana kwance a ciki. Girki a waje, wuta a waje, gilashi a ɗan sauke shi komai sanyi. In ana son ɗumi a ɗumama ruwa, a zuba a gora mai murfi, a naɗe da tsumma, a sa a ƙafar yaro.

Ku tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro, don a bakin tafki da gonakin dabino akwai sauro, kuma mutum na iya ɗauko cutar tun daga gida ta tashi masa a can. Ku haɗa da gishirin zawo na leda. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa, saboda kunama.

Hajiya Mai Dabino: To Malama, an bar kwalli. Mu da shi aka rene mu, amma ku kuka karanta.

Auta: Ni abin da nake so in gani tankokin yaƙin nan da aka bari a rairayi. Na ga hoton wani ya hau kan bindigar yana ɗaga yatsu.

Tsohon Direba: Kai yaro, wannan hoton kada ka kuskura ka kwaikwaye shi.

Malamin Labarin Ƙasa: Auta, abin da ka gani ragowar yaƙin Cadi da Libiya ne. A ranar 2 ga Janairun 1987 sojojin Cadi ƙarƙashin Hassan Djamous suka ƙwace Fada, a watan Maris kuma suka ci babban sansanin jiragen Libiya na Wadi Dum, wanda yake kan hanyar Faya zuwa Uniyanga. Da ƙananan motocin Toyota masu ɗauke da makamin fasa tanka suka yi wannan aiki. Tankokin suna nan, busasshiyar iska ta hana su ruɓewa. Amma nakiyoyin da aka binne a kewayen sansanin su ma suna nan, an yi shekaru ana aikin tono su ba a gama ba, rairayi kuma tafiya yake yi, ya rufe wani wuri ya buɗe wani. A yankin nan inda jagora ya taka nan kake takawa. Kada a bar yaro ya ɗauki wani ƙarfe ya yi wasa da shi, komai tsatsarsa.

Mai Hilux: Kun gani ko? Ƙananan motoci ne suka ci yaƙin, ba manya ba.

Makanikin Digel: Ƙanana marasa nauyi masu ja da ƙafa huɗu, a hannun mutanen da aka haifa a wurin. Ba wanda ya je Wadi Dum da gadon katako.

Ɗan Abeshe: Ina ta karantawa tun ɗazu. Alhaji, ni a ganina juya tafiyar kawai za ka yi, ka fara ta inda ka yi niyyar ƙarewa. Daga Masaget ka karya gabas, Bokoro, Mongo, Mangalme, Um Hajar, Abeshe. Daga Njamena wajen kilomita 900 ne kuma kwalta ce, ko da yake akwai wuraren da ta farfashe. A wannan hanyar motarka ba ta da wata matsala. Ku kwana a gindin duwatsun Gera wajen Mongo, yara su ga abin da babu shi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kusiri. A Abeshe ma za ta yi maka rana, don tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane suka kwararo ta Adre, ma'aikatan agaji suka cika gari, ɗaki ya yi tsada. Kai kuwa da ɗakinka ka zo.

A Abeshe sai ka ajiye ta a gidan amana, ku hau Land Cruiser da direba ɗan ƙasa, ku bi Biltin, Arada, Kalayit. A Kalayit ake cika mai da ruwa, babbar kasuwa ce, kayan Libiya na sauka a nan. Daga nan kun doshi Enedi.

Wallahi ko Arshe kaɗai kuka gani kuɗinku bai faɗi ba. Wani tsagi ne tsakanin jajayen duwatsu masu tsayi, ruwa ba ya ƙafewa a cikinsa. Da hantsi makiyaya suke koro raƙuma garke garke, su shiga ruwan har gwiwa, kukansu yana dukan dutse yana dawowa, har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ruwan ya yi baƙi ƙirin saboda kashinsu, kuma a can ƙurya akwai kadoji 'yan kaɗan da suka rage tun zamanin da hamadar take da koguna. In kana son ka ga wurin da kyau sai an hau dutse ta baya an leƙo daga sama, hawan yana da wuya, ƙaramin yaro sai an goya shi. Akwai kuma Aloba, dutse ne da ya huje ya zama ƙofa, tsayinsa wajen mita 120. Ga kogwanni masu zanen shanu da mahaya dawaki na mutanen da. UNESCO ta sa Enedi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, kuma tun 2018 ƙungiyar African Parks ke kula da gandun tare da gwamnati, don haka akwai ƙa'ida, wasu wuraren kuma akwai ɗan abin da ake biyan mutanen yankin. Kada a shafa wa zanen ruwa don ya fito a hoto, kada a rubuta suna a gefensa.

Ɗan Kusiri: Wannan ta shiga kaina. Amma Uniyanga fa? Ita ce asalin abin da ya tayar da ni.

Ɗan Abeshe: Daga Fada ana zuwa, a ratsa kwarin Murdi, a bi ta Demi inda ake haƙar jan gishiri. Rairayi ne sosai, aikin direbobin can ne.

Malamin Labarin Ƙasa: Kuma ta cancanci wahalar. Tafkuna 18 ne a rukuni biyu, babbar Uniyanga da ƙarama, tsakaninsu wajen kilomita 40, a wurin da ruwan saman da ke sauka a shekara bai kai milimita 2 ba. Daga ƙarƙashin ƙasa ruwan yake ɓuɓɓugowa, tsohon ruwa ne da ya taru tun lokacin da Sahara take da damina. Tafkin Yowa na babbar Uniyanga zurfinsa ya haura mita 25, gishirinsa ya yi yawa har ba a sha, rana tana ƙafar da wajen mita 6 na ruwansa kowace shekara, ƙasa tana mayar masa. A ƙaramar kuma akwai masu ruwan daɗi har da kifi, saboda ciyawar da ta rufe samansu tana hana rana shanye su. Sun shiga jerin UNESCO tun 2012. Da ta Jurab za ku bi, da na ce ku tuna a yankin ne, a Toros-Menalla, aka tono ƙoƙon kan Tumai a 2001, wanda masana suke dangantawa da asalin ɗan'adam, suka ce ya kai wajen shekara miliyan 7.

Na'ibin Liman: Malam, a bar mu da maganar miliyan bakwai ɗin nan. Mu mun san daga inda muka fito.

Malamin Labarin Ƙasa: Abin da masu binciken suka auna na faɗa, Allah ya gafarta Malam.

Shugaban Zaure: Jama'a, wannan muhawarar mun yi ta bara har wasu suka yi fushi suka fita. A koma kan mota.

Na'ibin Liman: An koma. Tunda na shigo bari in bar abin amfani. Alhaji, tafiyarku ta wuce nisan kasaru nesa ba kusa ba, don haka azahar da la'asar da isha raka'a bibbiyu ne daga lokacin da kuka bar gidajen gari, sai in kun yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri guda, sai ku cika. In kuna tsoron ƙishirwa a kanku ko a kan yara, taimama ta halatta ko da akwai ruwa a jarka, ga ƙasa mai tsarki ko'ina. Kada wani ya ƙarar da ruwan sha wajen alwala yana ganin tsoron Allah ne. Alƙibla kuma a can ta fi matsowa gabas fiye da yadda kuka saba a Kusiri, rana kuwa a Disamba ta karkata kudu take fitowa, kada ku bi ta kai tsaye, ku tambayi jagora.

Yaya Babba: Ashe nan ka kawo maganar. Ni ba a gaya mini ba sai a zaure nake gani. Ka je duk inda za ka, amma 'yar autarku ba za ta bi ku ba, yarinyar da ba a daɗe da yaye ba, ga ta da tari duk hunturu. A kawo mini ita. Inna ma ta sani kuwa?

Ɗan Kusiri: Yaya ki yi haƙuri, so nake in gama tattara bayani kafin in zo gida da maganar. Gobe in sha Allah zan shigo.

Yaya Babba: Ka shigo. Maganar yarinya dai na gama ta.

Auta: Wuri ya samu ke nan. A sauko da ni daga rufi a mayar da ni cikin mota.

Mai Fiton Kaya: Kafin a tashi, takardu. Motarka lambar Kamaru ce, ka haɗa kart giriz, wato takardar rajistar mota, da lasisi da inshora mai kart roz, wato katin inshorar ƙasashen tsakiyar Afirka na CEMAC, da katin rigakafin shawara na kowa, da takardun haihuwar yara. Baƙon da zai yi arewa ana neman takardar izinin zirga-zirga a hannunsa, a Njamena ake yin ta, ka je da wuri, kada ka bari sai ana gobe tafiya. Ka rubuta sunayenku da lambobin takardunku da lambar mota a takarda ɗaya, ka buga kwafi da yawa, duk shingen da aka tsayar da ku ka miƙa ɗaya, yana rage zaman jira. Kada a ɗauki hoton soja ko gada ko filin jirgi. Ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama a bar shi a gida. Airtel da Moov a cikin garuruwa kawai za ka same su, da kun fita shi ke nan, wayar tauraron ɗan'adam kuma hukuma tana sa mata ido ƙwarai, kada ka sayo ka ɓoye a kaya. Duk garin da za ku bari ka kira gida ka faɗi inda kuka nufa da ranar da ya kamata a ji ku.

Ɗan Kusiri: Allah ya saka wa kowa da alheri. Inda na tsaya yanzu, Hiace za ta kai mu Abeshe ta jira mu a can. Sai dai hayar kat-kat biyu da direbobi da mansu ta fi ƙarfin aljihuna ni kaɗai. Ɗaya zan iya. In akwai wani a zauren nan mai sha'awa, mu haɗa.

Mai Hilux: Ga ni. Tawa da ƙafa huɗu take ja, ni ne mota ta biyu. Amma da sharaɗi, in mun ga Uniyanga mu dawo ta Faya da Musoro, mu zagaye ƙasar gaba ɗaya.

Tsohon Direba: Ka taɓa tuƙi a rairayi mai zurfi?

Mai Hilux: Na sha zuwa Mao da bakin tafki, Baba.

Tsohon Direba: To ka san wani abu, Kanem, yankin Mao ɗin, ma ba wasa ba ce. Riƙe waɗannan. Rairayi da sassafe yake da ƙarfi, sanyin dare ya ɗaure shi, da rana ta take sai ya saki, don haka wuri mai wuya da asuba ake ratsa shi. Kafin ka shiga ka rage iskar taya ta dawo wajen kilo ɗaya da rabi don ta baje, in kun fito kan duwatsu ka mayar, in ba haka ba dutse zai yanka gefenta. Famfon iska biyu, na batir da na ƙafa. Da ka ji mota ta fara nutsewa ɗauke ƙafarka daga totur nan take, duk juyin da taya ta ƙara binne kanta take yi. Ku sauka, a kwashe rairayi a gaban tayoyi huɗun da ƙarƙashin ciki har ka hango haske ta ɗaya gefen, a cusa farantan ƙarfe a gindin taya, ka sa ƙaramar giya, ka tashi a hankali, kada ka tsaya sai ka ji ƙasa mai tauri ko da ta yi nisa, sauran su biyo ka a ƙafa. Ka ɗaura wa kowane faranti igiya mai tsawo, don in mota ta danna shi nutsewa yake yi, sai ku yi ta tono kuna nema. Filtar iska kullum da yamma a cire a kakkaɓe.

Wajen kwana, kada ku sauka a kan sawun motoci, manyan motoci da dare ma tafiya suke yi. Kada kuma ku sauka a bakin rijiya. Kowace rijiya da masu ita, ko ba ka ga kowa ba. In kun tarar da mutanen Goran suna shayar da raƙuma, a yi sallama, a jira, jagora ya yi magana, su za su ce ku ɗiba. Ɗan shayi da sukari in ka miƙa ya fi kuɗi mutunci. Matansu kuma ba a ɗaga musu waya.

Maganar dawowa ta Faya kuwa, motar Alhaji tana Abeshe, wa zai je ya ɗauko ta?

Mai Hilux: Ƙaninsa mana. Ya bi motar haya ya koma Abeshe, mu mu yi Faya.

Tsohon Direba: Wato ɗaya ta ratsa Murdi ita kaɗai, ɗaya ta shiga Jurab ita kaɗai da mace da yara a ciki.

Hajiya Mai Dabino: Baba, in dai Jurab ce ai ayarin kamyo na tashi daga Faya, ƙaramar mota takan bi bayansu. Sai dai su ba su da ranar tashi, sai kaya ya cika. Mai hutun makaranta ba zai iya jiransu ba.

Mai Hilux: Ma yi maganar in mun isa Kalayit.

Tsohon Direba: A nan za ku gama ta, tun ba ku haye gada ba.

Makanikin Digel: Ku kawo motocin biyu ranar Asabar da safe. Alhaji, ka zo da kafintan naka a rage katakon gadon nan, ko a kwalta ma ya yi wa sifirin yawa. Kai kuma mai Hilux ka zo da safaya biyun da za ka tafi da su, ina so in karanta shekarar da aka buga a jikin tayoyin.

Ɗan Abeshe: Ni kuma zan tambayi direbobin Kalayit farashi, amma ku ba ni ranar tashi cikin makon nan. Ƙarshen Disamba masu kawo Turawa sukan riga kowa kama motoci masu lafiya.